Farar Wuta a Gindin Bishiya: Yaushe Take Magani, Yaushe Take Ɓarna?

Duk wanda ya ratsa unguwannin da ke hayin Kogin Kaduna ta kudu, kamar su Barnawa da Kakuri da Makera da Narayi har zuwa Sabon Tasha, zai lura cewa da wuya a sami gida mai ɗan fili wanda babu bishiyar lemu ko mangwaro ko gwaiba a cikinsa. Wasu daga cikin waɗannan bishiyoyi sun girme wa masu shan inuwarsu a yau, domin unguwannin sun bunƙasa ne tun bayan da aka buɗe masaƙar farko ta Kakuri a shekarar 1957. A cikinsu, musamman na lemu, akan ga wadda sababbin ganyenta suka koɗe suka yi ruwan ɗorawa, alhali jijiyoyin ganyen suna nan kore shar kamar an zana su da alƙalami. Mai gida zai zuba taki, ya ƙara ban ruwa, amma bishiyar sai ƙara ramewa take yi, 'ya'yanta suna raguwa shekara bayan shekara.

Littattafan aikin lambu na ƙasashen waje da shafukan intanet suna da amsa ɗaya da suka fi maimaitawa game da wannan ciwo, wato a barbaɗa farar wuta a ƙarƙashin bishiyar domin ƙasar ta ƙara tsami. Shawarar tana da tushe a ilimin kimiyya. Sai dai yawancin masu ba da ita suna zaune ne a wuraren da ƙasarsu ta bambanta da tamu ƙwarai, kuma wanda ya ɗauke ta ido rufe a Kaduna yana iya kashe bishiyar da kakansa ya dasa. Wannan maƙala za ta bayyana abin da farar wuta ke yi a cikin ƙasa, da inda ake bukatarta, da inda ya kamata a nisanta ta.

Ma'aunin tsami

Bahaushe ya san tsami da kishiyarsa tun kafin a zo da ɗakin gwaje-gwaje. Uwar gida ta san cewa idan miyar yakuwa ta yi tsami da yawa, ɗan ruwan toka ko ƙwayar kanwa zai karya shi. Tsamiya da lemun tsami da yakuwa suna ɓangare ɗaya, wanda masana ke kira asid. Kanwa da toka da sabulu suna ɗaya ɓangaren, wanda ake kira alkalin (kada ɗalibi ya rikita shi da alƙalin kotu, ko da yake shi ma yakan sasanta rigima).

A shekarar 1909 wani masani ɗan ƙasar Denmak mai suna Sorensen, wanda ke aiki a ɗakin bincike na Carlsberg a birnin Kwafanhagan, ya ƙago ma'aunin da ake kira pH domin a riƙa bayyana ƙarfin tsami da lamba. Ma'aunin ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, kamar tataccen ruwa. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, abin da ya haura 7 kuma alkalin ne. A nan akwai abin da ke ruɗa mutane da yawa: idan aka ce za a rage pH na ƙasa, ana nufin za a ƙara mata tsami ne. Abu na biyu da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, kowane taki ɗaya a kan wannan ma'auni ninki goma ne. Ƙasa mai pH 5 ta fi mai pH 6 tsami sau goma, ta kuma fi mai pH 7 sau ɗari. Saboda haka kuskuren lamba ɗaya ba ƙaramin kuskure ba ne a wurin saiwar bishiya.

Yawancin itatuwan da muke cin 'ya'yansu sun fi jin daɗin ƙasa mai ɗan tsami kaɗan. Lemu ya fi son tsakanin 6 da 7. Mangwaro yana jure wa abin da ya ɗan fi haka faɗi, gwaiba da dogonyaro kuwa ba su cika damuwa ba. Wannan ne ya sa a gida ɗaya za ka ga gwaiba tana cikin ƙoshin lafiya, lemun da ke kusa da ita yana fama.

Asalin ƙasar Kaduna

Birnin Kaduna yana zaune ne a kan tsofaffin duwatsu masu tauri irin waɗanda ake gani sun ɓullo a tsakiyar kogi idan ruwa ya janye da rani. Daga ruɓewar waɗannan duwatsu cikin dubban shekaru aka sami jar ƙasar da muke takawa, da marmarar da mai haƙa rijiya yake cin karo da ita. Irin waɗannan duwatsu ba su da wadatar sinadarin farar ƙasa, wato kalsiyam kabonet, wanda shi ne babban mai karya tsami a cikin ƙasa. Bugu da ƙari, Kaduna takan sami ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin watan Afrilu da Oktoba. Wannan ruwa yana wanke kalsiyam da magnesiyam da fotasiyam daga saman ƙasa zuwa can ƙasa, ya bar ta da tsami. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Sahara takan mayar da kaɗan daga cikin abin da aka rasa, kuma da ba don ita ba da ƙasarmu ta fi haka tsami.

Sakamakon haka, ƙasar gona a yankin Kaduna da Zariya takan faɗa ne tsakanin pH 5 da 6.5. Wato dai ita da kanta tana wurin da lemu yake so, ko ma ta ɗan zarce shi wajen tsami. Matsalar da masana aikin gona suka daɗe suna yaƙi da ita a wannan yanki ita ce ƙaruwar tsami, ba ƙarancinsa ba. A Samaru ta Zariya, inda aka kafa tashar binciken aikin gona a shekarar 1922 wadda daga baya ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, an fara wani dogon gwaji a shekarar 1950. An yanka fili kashi-kashi, wasu ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, shekara da shekaru. Abin da ya bayyana shi ne, filayen da aka riƙa zuba wa takin amoniyam salfet shi kaɗai sun yi ta ƙara tsami har amfaninsu ya faɗi, waɗanda suka sami kashin shanu kuwa sun fi riƙe ƙarfinsu. An ga irin wannan a Rothamsted ta Ingila, a wani filin ciyawa da ake gwaji a kansa tun 1856, inda wannan taki ya saukar da pH zuwa ƙasa da 4.

Me ya sa tsami mai yawa yake da haɗari? Idan pH ya sauka ƙasa da 5.5, sinadarin alminiyam da ke kulle cikin yumɓu yakan fara narkewa. Narkakken alminiyam guba ne ga bakin saiwa: yakan hana ta tsawo, ta yi gajarta ta yi kauri, ta kasa neman ruwa. A lokaci guda sinadarin fosfaras yakan maƙale ya ƙi shiga tsiro, manganis kuma ya yi yawa har ya cutar. To, wanda ya zuba farar wuta a kan ƙasa mai pH 5.8, wannan ramin yake tura bishiyarsa.

Tsakar gida ba gona ba ce

Idan haka ne, ina amfanin maganar farar wuta a Kaduna? Amfaninta yana cikin bambancin da ke tsakanin ƙasar gona da ƙasar tsakar gida. Ƙasar birni ƙasa ce da hannun ɗan Adam ya jujjuya. Lokacin da aka gina gida, a nan aka kwaɓa siminti, a nan aka buga bulo, a nan aka zubar da ragowar kwaɓi, sannan aka cike ramuka da ɓaraguzai aka rufe da ƙasa. Ɗanyen siminti yana da pH da ya kai 12 ko 13, kuma ko bayan ya bushe ya tsufa yakan rikiɗe ne ya zama kalsiyam kabonet, ya ci gaba da sakin alkalin a hankali tsawon shekaru masu yawa. Bishiyar da aka dasa a jikin katanga, ko wadda aka zagaye gindinta da daɓen siminti domin a sami wurin zama, saiwarta tana cikin wannan yanayi dare da rana.

Sai kuma toka. A gidaje da yawa gindin bishiya shi ne mazubar tokar murhu, kuma ana yin haka da kyakkyawar niyya domin an san toka taki ce. Gaskiya ne tana ɗauke da fotasiyam da kalsiyam, kuma a gona mai tsami tana da amfani ƙwarai. Amma abin da zai wadaci gona guda idan aka watsa shi, a nan ana tara shi ne a wuri ɗaya kullum safiya har shekara goma ko ashirin. Idan aka haɗa da ruwan wanki mai sabulu da omo da ake kwararawa wurin, ba abin mamaki ba ne a auna gindin lemu a sami pH 7.5 ko 8, alhali fegin da ke bayan katanga yana 6.

A nan ne ciwon ruwan ɗorawa yake samo asali. Ganye yana bukatar sinadarin ƙarfe kafin ya iya ƙera koren launin da yake kama hasken rana da shi. Abin mamaki shi ne, ƙasar Kaduna cike take da ƙarfe, domin shi ne ma ya ba ta jan launinta, kamar yadda tsatsa ke rina kwano. Amma saiwa ba ta cin tsatsa, narkakken ƙarfe kawai take iya sha. Narkewar ƙarfe a cikin ƙasa takan ragu har kusan sau dubu a duk lokacin da pH ya hau da lamba ɗaya. Ga abinci jibge, ga mai jin yunwa a zaune a kansa, amma an kulle rumbun. Haka nan tutiya da manganis sukan yi wuyar samu. Tun da ƙarfe ba ya ƙaura daga tsohon ganye zuwa sabo, sababbin ganyen da ke kan reshe su ne suke fara nuna alama.

Wannan alama tana da muhimmanci, domin ba kowane ruwan ɗorawa ne ciwon ƙarfe ba. Idan tsofaffin ganye ne suka koɗe gaba ɗaya har da jijiyoyinsu, yawanci ƙarancin naitirojin ne. Idan tsohon ganyen lemu ya yi rawaya ta gefe ya bar kore mai siffar kan mashi a gindinsa, magnesiyam ne ya yi ƙaranci. Bishiyar da ruwa ya kwanta a gindinta a watan Agusta ita ma takan yi rawaya domin saiwarta ta rasa iska, haka ma wadda ciwon ɗanƙo ya kama ɓawon gindinta ko gara ta ci saiwarta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da farar wuta za ta warkar.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Farar wuta ita kanta ba ta da tsami, ba ta ma narkewa a ruwa. Wanda ya zuba garinta a kofi ya auna ba zai ga wani canji ba. Masu yin aikin su ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, waɗanda farar wuta ce abincinsu. Masanin nan ɗan Rasha, Winogradsky, shi ne ya fara nuna a shekarar 1887 cewa akwai halittun da ke samun ƙarfin rayuwa daga sinadaran farar wuta. Daga baya, a farkon shekarun 1920, Selman Waksman da abokin aikinsa Joffe a jihar New Jersey ta Amurka suka ware wata ƙwaya da suka sa wa suna Thiobacillus thiooxidans, wadda tun shekarar 2000 ake kira Acidithiobacillus thiooxidans. Wannan Waksman shi ne ya sami kyautar Nobel a 1952 saboda maganin tarin fuka na streptomycin, wanda shi ma daga ƙwayoyin ƙasa aka samo shi.

Abin da ƙwayoyin ke yi shi ne su haɗa farar wuta da iskar oksijin da ruwa, su fitar da asid ɗin salfurik, irin wanda ke cikin batirin mota, amma ɗigo-ɗigo kuma a hankali:

2S + 3O₂ + 2H₂O → 2H₂SO₄

Mutanen kudancin Kaduna sun taɓa zama maƙwabtan wannan lissafi a babban sikeli. Kamfanin takin sufa na Gwamnatin Tarayya da ya fara aiki a yankin masana'antu na Kaduna a shekarar 1976 an gina shi ne domin ya ƙona farar wuta ya mai da ita asid ɗin salfurik, sannan ya zuba asid ɗin a kan dutsen fosfet ya fitar da taki. Abin da injuna suka yi da wuta mai zafi, shi bakteriya ke yi a ƙarƙashin bishiya ba hayaƙi ba ƙara.

Tun da aikin na masu rai ne, yana da sharuɗɗa. Ƙwayoyin suna bukatar ɗumi, da danshi, da iska. A ƙasashe masu sanyi aikin yakan tsaya cik da hunturu, shi ya sa littattafansu ke cewa a jira shekara guda. A Kaduna ɗumi ba ya yankewa, danshi ne ke yankewa. Farar wutar da aka zuba a watan Disamba a kan busasshiyar ƙasa za ta zauna yadda take, ko iska ta kwashe ta, har sai ruwa ya sauka. Idan kuwa ƙasar ta jiƙe sharkaf har iska ta ƙare, wasu ƙwayoyi na daban ne za su karɓi ragama, su fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda guba ce ga saiwa. Girman ƙwayar farar wutar ma yana da tasiri: gari mai laushi yakan yi aiki cikin makonni ko 'yan watanni, amma dunƙulen da ake sayarwa a kasuwa wajen masu kayan magani, idan aka binne shi yadda yake, yana iya shekaru bai ƙare ba.

Lissafin da ke raba gardama

A nan malamin kimiyyar sinadarai yana da darasi mai daɗi. Giram 32 na farar wuta yakan haifar da giram 98 na asid, wanda zai karya giram 100 na kalsiyam kabonet. Wato kilo ɗaya na farar wuta yana cinye kimanin kilo 3 na kabonet.

Bari mu ɗauki bishiyar lemu wadda rassanta suka miƙa mita 3 daga gindi ta kowane gefe. Faɗin inuwarta zai kai murabba'in mita 28. Idan ƙasar ba ta da ɓaraguzan siminti, ana so ne kawai a sauko da ita daga 7.5 zuwa 6.5, ƙiyasin da masana suka saba bayarwa shi ne kimanin giram 55 a kowane murabba'in mita idan jigawa ce, giram 90 idan ƙasa ce matsakaiciya, giram 110 idan yumɓu ce. Yumɓu ya fi cin magani domin ya fi riƙe sinadarai. Ga bishiyarmu ke nan, a matsakaiciyar ƙasa, kilo biyu da rabi ya isa.

Yanzu a ce ƙasar tana ɗauke da kabonet kashi ɗaya kacal cikin ɗari. Saman ƙasa mai zurfin santimita 15 a murabba'in mita ɗaya yana da nauyin kimanin kilo 210. Kashi ɗaya cikin ɗari na wannan shi ne kilo 2.1, wanda zai bukaci kusan giram 700 na farar wuta. A ninka sau 28, an sami kusan kilo 19, kuma duk wannan zai tafi ne wajen cinye kabonet kafin pH ya yi wani motsi mai ɗorewa. Idan kabonet ɗin kashi biyar ne, kamar yadda zai iya kasancewa inda aka cike rami da fasassun bulo, ana maganar kusan buhu biyu masu kilo hamsin-hamsin. Babu bishiyar da za ta sha wannan ta rayu. A irin wannan wuri ƙoƙarin sauya ƙasar gaba ɗaya zuba ruwa ne a rariya, kuma a ganina wannan ne abin da masu ba da shawara daga nesa suka fi mantawa da faɗa.

Gane wane hali ake ciki ba shi da wuya. A ɗebi busasshiyar ƙasa a murfin kwalba, a ɗiga mata ruwan binega ko ruwan lemun tsami. Idan ta yi kumfa tana 'yar ƙara, akwai kabonet a cikinta.

Yadda ake yi wa tsohuwar bishiya

Wanda bai dasa ba tukuna aikinsa mai sauƙi ne, domin zai iya cakuɗa farar wutar da ƙasa da fartanya ya jira damina guda. Mai tsohuwar bishiya ba shi da wannan dama. Ƙananan saiwoyi masu kama da gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa da abinci, yawancinsu suna kusa da saman ƙasa, kuma sun fi yawa daidai inda ruwa ke ɗiga daga ƙarshen rassa, ba a jikin gindi ba. Wanda ya sa garma ko diga a nan, ya yanke bakin da bishiyar ke ci da shi.

Matakin farko ba ya cin ko kwabo: a daina zuba toka da ruwan wanki a wurin, a tsince ɓaraguzan da hannu zai iya kaiwa gare su, a fasa daɓen da ya shaƙe gindin idan da hali. A Kaduna ruwan sama yana tare da mai bishiya, domin kowace damina tana wanke wani abu daga alkalin ɗin. Sau da yawa wannan da shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye ko takin gida sun isa, saboda ruɓewarsu tana fitar da raunanan asid masu riƙe ƙarfe a narke.

Idan awo ya nuna pH ya haura 7.5 kuma ƙasar ba ta kumfa, sai a kawo farar wuta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Mayu, bayan ruwa ya zauna amma kafin marka. Hankali ya fi kwanciya idan ba a wuce giram 50 a murabba'in mita a zubi ɗaya ba, wato ƙasa da kilo ɗaya da rabi ga bishiyar da muka yi misali da ita. A auna da sikeli, kada a yi da ka. A barbaɗa daidai wa daida daga kimanin rabin mita nesa da gindi har zuwa ɗan gaba da ƙarshen inuwa, a ɗan karce saman ƙasa da manjagara, a rufe da ciyawa, a ba da ruwa idan sama ba ta bayar ba. Bayan wata uku a sake awo, kuma kada a ƙara sai awon ya nuna bukata. Ƙara tsami abu ne mai sauƙi, amma idan ya wuce gona da iri gyaransa sai an sake sayen farar ƙasa an sake jira.

Inda ƙasa ke kumfa kuwa, dabara ta fi ƙarfi. Bishiya ba ta bukatar dukkan saiwoyinta su sami ƙarfe, idan wasu sun samu za su ciyar da sauran. Don haka akan haƙa ƙananan ramuka masu zurfin santimita 20 zuwa 30 a zagayen ƙarshen inuwa, tazarar mita guda tsakaninsu, a cika kowane da ruɓaɓɓen taki da aka cakuɗa da 'yar farar wuta. Kowane rami zai zama tsibirin tsami wanda sababbin saiwoyi za su nemo. Don samun sauƙi na gaggawa ana iya fesa wa ganye ruwan ƙarfen salfet mai rauni da yamma, ko da yake ganyen da aka fesa kawai yake gyarawa. Takin amoniyam salfet, wanda ya zama matsala a filayen Samaru, a nan aboki ne, domin yana ba da naitirojin yana kuma rage alkalin a hankali.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ya kamata a guje musu. Ruwan tsohon batir yana ɗauke da darma, wadda guba ce da ba ta barin ƙasa, balle a tsakar gidan da yara ke wasa. Alif ɗin da ake tace ruwa da shi yana ƙara tsami nan take, amma alminiyam yake zubawa a ƙasa. Shi kansa garin farar wuta yana kama wuta da sauƙi kuma yana sa ido raɗaɗi, don haka a ajiye shi nesa da murhu, a rufe hanci da baki, kada a zuba shi ranar da ake iska.

Abinci daban, magani daban

Saura wata magana da ke kawo ruɗani har a tsakanin manoma masu ilimi. Za a ji malamin gona yana cewa ƙasashen Arewa suna da ƙarancin sinadarin farar wuta, kuma gaskiya ya faɗa. Tsiro yana bukatarsa wajen gina furotin. Binciken da aka yi a Samaru a farkon shekarun 1970 ya nuna cewa abin da ruwan sama ke kawowa a Arewacin Nijeriya bai fi kimanin kilo ɗaya a hekta a shekara ba, ga kuma ƙona daji da ke tura wanda ke cikin ciyawa zuwa sama. Shi ya sa takin sufa, mai ɗauke da wajen kashi 12 cikin ɗari na wannan sinadari, ya karɓi gyaɗa ƙwarai a ƙasar Hausa.

Amma sinadarin da ke cikin sufa da jifsam ya riga ya zama salfet, wato an riga an ƙona shi an karya asid ɗinsa. Yana ciyar da tsiro, ba ya sauya pH. Saboda haka mai lemun da ganyensa ya koɗe don ƙarancin wannan sinadari a ƙasa mai pH 6, sufa ko jifsam yake bukata. Mai lemun da toka ta kulle wa ƙarfe a ƙasa mai pH 8, ko buhu nawa na sufa ya zuba ba zai buɗe masa rumbun ba.

Aiki ga ƙungiyar kimiyya ta makaranta

Duk abin da aka faɗa ya rataya ne a kan awo, kuma awon bai fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen sakandare ba. A ɗebi ƙasa daga wurare biyar ko shida a zagayen ƙarshen inuwa, zurfin santimita 15, a haɗa su a shanya a inuwa, a tankaɗe. A zuba giram 10 a cikin mililita 25 na tataccen ruwa, a motsa, a bari minti talatin, sannan a tsoma takardar awon pH ko na'ura idan akwai. Kada a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse, domin shi ma yana da nasa pH ɗin. Inda babu takardar awo, jiƙaƙƙen zoɓorodo yana ba da haske: yakan zauna ja a cikin tsami, ya yi duhu ya karkata zuwa kore a cikin alkalin mai ƙarfi, ko da yake ba zai ba da lamba ba. Mai son sakamako tabbatacce sai ya nemi malamin gona na yankinsa, ko ya aika da ƙasar sashen kimiyyar ƙasa a Samaru, tafiyar kimanin kilomita 80 daga Kaduna.

Malami zai iya raba ɗalibai rukuni uku. Na farko su auna ƙasar jikin katangar makaranta, na biyu ta bayan kicin inda ake zubar da toka, na uku ta tsakiyar filin ƙwallo ko gonar makaranta. Su rubuta lambobin a kan taswirar harabar, su kuma duba launin sababbin ganyen bishiyar da ta fi kusa da kowane wuri. Idan an sami ƙasar da ta haura 7.5, a cika tukwane huɗu da ita: ɗaya a bar ta haka, ɗaya a sa mata garin farar wuta giram ɗaya a kowane kilo na ƙasa a riƙa ba ta ruwa, ɗaya a sa mata garin daidai haka amma a bar ta a bushe, ta huɗu kuma a sa mata jifsam a riƙa ba ta ruwa. A auna pH na kowace tukunya duk bayan mako biyu har ƙarshen zangon karatu, a zana jadawalin yadda lambobin suka tafi.